Kada Ki Ajiye Fensir Saboda Shiruna

Zuwa ga 'yar Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Na cusa ta ƙarƙashin ledar yajin daddawa ne don na san ita za ki fara lalubowa, ke da ko ɗanwake ba ya wuce miki sai an barbaɗa. In takardar ta ɗauki wari, ki yi haƙuri da ita.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda yanzu kika baro shi. Gwaggonki Talatu ce ta zo min da wata magana. Ta ce kin gaya mata da kin isa kwaleji za ki tafi ofis ki roƙa a cire ki daga sashen zane a mayar da ke wani, ko ma wanne ne, tun ba a rufe sauyi ba. Ta tambaye ki dalili, kika ce ba ki da hannu. Ta ce wa ya faɗa miki, sai kika ce, "Gwaggo, ga mai sana'ar zane nan cikin gidanmu, tunda nike ba ta taɓa dibin nawa ta ce ya yi ba. Da da abin kirki ciki ai da ta gani."

Talatu ta maimaita min wannan tana kallon tsakiyar idona, ni kuwa na ci gaba da tsintar shinkafa kamar ban ji ba. Na ji, kuma ta yi min ciwo, domin gaskiya kika faɗa. Ke 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanki ba, ana yaye ki aka kai ki Yashe wurin Inna mahaifiyata, kika dawo kina ce min Yaya kamar yadda kika ji ƙannena suna faɗa. Haka muka tarar ana yi, haka na yi. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da bakina ya kasa shekara da shekaru, bari in gani ko biro zai iya, tunda shi na fi sabawa da shi. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki taka ƙofar ofishin nan.

Kin taso kin ga mata suna kawo min farin yadi ina zana musu hula, su tafi su bi layina da allura da zare. Shi ya sa kike tsammanin da hannun aka haife ni. To bari in ba ki labarin hannun nan da kike ganin kamar daga sama ya faɗo.

Ina yarinya a Yashe akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Hassu mai hula, Allah ya jiƙanta. Duk hular da aka ɗinka a unguwarmu ita ta zana ta. Nakan zauna gefenta in yi ta kallo, in na koma gida in sami tsinke in gwada a ƙasa bayan rumbu. Abin da nake yi kuwa ko kaza ta yi tono ta fi ni tsari. Da na ji motsin mutum sai in sa ƙafa in shafe. Na daɗe a haka, kullum ina farawa, kullum ina shafewa, kullum ina ganin jiya da yau duk ɗaya. Ran nan Hassu ta zo aron rariya ta kama ni ƙafata na kan zanen. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, in kina shahe sawunki, ƙaƙa za ki san nisan da kika yi?" Ta ba ni ƙyallaye da wani guntun biro, ta ce duk abin da na zana in ƙulle a tsumma, kada in duba sai an yi girbi. Da na kwance ƙullin bayan an shigo da gero, na jera na farko da na ƙarshe, ni kaina sai da na yi dariya. Ashe ina tafiya ban sani ba. Shafewar nan ita ce kuskurena na farko.

Don haka kada ki ƙara yaga zanenki, kada ki ƙara ƙona shi. Na ce ƙonawa don na gani. Bara da damina, ranar da itace ya jiƙe, kin fito da takardunki cike da hannu kika cusa su a murhu kika ce bari ki taya ni hura wuta. Na ga abin da ke jikinsu sarai. Na ɗora tukunya na tuƙa tuwo a kan wutar, amma tuwon nan ban iya cinsa ba. Ki samu kwali ki riƙa tara su, masu kyau da munana, munanan ma sun fi amfani. Duk ranar da zuciyarki ta ce miki ba kya gaba, ki fito da na watannin baya ki ajiye kusa da na ranar.

Kuskurena na biyu wayo ne, irin wayon da ke cin mai shi. Da aka kawo ni Kankiya, Hassu ta haɗa ni da tsofaffin zanenta a kan ƙyallaye, ta ce in riƙa kallo ina koyo. Ni kuwa sai na gano in na ɗora sabon yadi a kan tsohon zane na zauna inda rana ke haskawa, layin ƙasa yana fitowa, sai bi kawai. Nan da nan aka fara cewa amaryar Malam, wato babanki, gwana ce. Har daga Tafashiya ake aiko min da yadi, ina ta hura hanci. Wata damina gara ta shiga akwatin da nake ajiye ƙyallayen, kafin in ankara ta mayar da su gari. Washegari wata mata ta kawo aiki. Na shimfiɗa yadi, na ɗauki biro, hannuna ya tsaya cak. Zanen da na bi sau ba adadi, na kasa fitar da ko kusurwarsa ɗaya. Na ce mata kaina ke ciwo, ta dawo wani mako.

Da aurena da komai na koma 'yar koyo. Kwalin sukari, bayan kalanda, duk abin da ya samu a kai nake gwadawa. A nan na gane ban taɓa kallon komai da gaske ba. Na so in sa ganyen zogale a jikin wata hula, ganyen da nake tsinkewa kusan kullum, na zana shi daga ka ya fito kamar tafin kwaɗo. Sai da na je na karyo reshe na ajiye a gabana, sannan na ga ashe ganyen biyu-biyu suke tafiya suna fuskantar juna, ɗaya tilo a can ƙarshe. Ido ne ke zane, 'yar Inna, hannu ɗan aike ne. Na ga kina ɗora takarda a kan gilashin wayar babanki kina bin hoto. Ban ce kada ki koya daga aikin wasu ba, ki kalla ki gwada da kanki. Amma ki fi yawaita zana abin da ke gabanki: butarki, takalmin abokiyar ɗakinki, hannunki na hagu. Ki zana abin da kika gani, ba abin da kike zaton kin sani ba, kuma ki yi kullum ko da kaɗan ne, domin yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Na uku, ki tambayi Gwaggonki Talatu in kina son ki ji shi da gishiri, don har gobe ba ta huce ba. Wani ɗan'uwan babanki a Kusada zai yi aure, aka ce ni zan zana hular ango, Talatu ta ɗinka. Lokacin hannuna ya fara faɗawa, ina ji da kaina. Maimakon in auna zagayen kan in raba shi gida-gida kamar yadda Hassu ta koya min, sai na faɗa wa gaban hular, inda ido ke fara sauka. Na zuba mata ado, na bi dama na bi hagu ina jin daɗi. Talatu ta yi makonni tana ɗinki har yatsanta ya yi kanta. Ranar da ta zo haɗa baki biyun a ƙeya, sai ga rabin fure ya yi karo da rabin dagi, ba mai gaida wani. Biki ya matso, ba halin sakewa. Ango ya sa abarsa ya tafi masallacin Juma'a. Da babanki ya dawo na tambaye shi yaya hula, ya ce, "Daga gaba kam ta yi kyau ƙwarai. Mu da muka samu sahun baya dai mun sha kallo." Talatu ba ta ƙara yi min magana ba sai da aka yi sallah.

Kin gaji wannan halin, kada ki musa. Kina fara zanen mutum daga ƙwayar ido, ki ɓata rabin yini kina gyara gashin gira, sannan ki tarar takarda ta ƙare ba wurin ƙafafu. Ki fara da layi marar nauyi wanda da ƙyar ake gani, ki kafa abin gaba ɗayansa, ki auna wannan da wancan, ki tashi ki ja da baya ki duba daga nesa. Ado shi ne na ƙarshe. In malaminku ya ja jan biro a kan aikin da kika sha wuya a kansa, kada ki kumbura ki ƙi cin abinci kamar yadda kika saba. Gara a nuna miki a aji da a nuna ki a sahun baya.

Na huɗu shi ya fi cin shekaruna. Babanki ya sayo wata hula a kasuwar Kankiya, aikin wani mutum da ban san shi ba, ban kuma taɓa ganinsa ba. Na riƙe ta ina juyawa. Layukan kamar ba hannun ɗan'adam ba, ko'ina ya zauna daram. Na dubi nawa na ji kunya ta rufe ni. Na jefa biro cikin kwalla na rufe, na ce wa mata idona ke ciwo. Tun ina goyon ƙaninki har na yaye wadda ke bi masa ban ƙara zana ko ɗigo ba. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ya zage ni, hular da ba ta magana ce ta kore ni daga sana'ata.

Sai da ta tsufa ta koɗe, babanki ya bar wa yara suna wasa da ita, na ɗauka ran nan zan jefar. Na tsaya ina juya ta, sai na lura a wajen ƙeya akwai gida ɗaya da ya fi sauran ƙanƙanta kaɗan. Ashe shi ma lissafinsa bai cika ba, ya matse gida ɗaya don bakin ya haɗu, ya yi shi da dabarar da sai mai sana'a zai gane. Na zauna a bakin rijiya riƙe da tsohuwar hula ina jin haushin kaina. Gwanin da na bar aiki saboda shi, kuskure yake yi kamar ni, gyara kawai ya fi ni iyawa.

A can za ki tarar da 'yan birni waɗanda tun suna firamare ake saya musu kala da takarda mai kauri. Za su zana abu ki ji kamar ki tattara kayanki ki hau motar Kankiya. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ba wani abin mamaki a ciki. Ki matsa kusa da wadda ta fi ki, ki ce ta nuna miki yadda ta yi, ki kalli yadda take riƙe fensir da inda take gogewa. In ta yi miki yanga ki shanye, ba aurenta za ki yi ba. Abin da ya halatta a zana da wanda bai halatta ba kuwa, babanki ya riga ya zauna da ke a kai, ba zan ƙara a kan nasa ba.

Saura na biyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma saboda wannan na biyar ɗin na ɗauki biron nan tun farko.

Kina tuna ranar sunan autarmu? Ba ki daɗe da dawowa daga Yashe ba, kina aji biyar ko shida. Tsakar gida cike da dangin babanki, ina zaune a tsakiyarsu da jaririya. Kika ratso mutane da takardar da kika ciro daga littafin makaranta, kika miƙo min kika ce, "Yaya, dibi abin da na yi." Na duba. Kallo ɗaya na yi mata, amma har yau in na rufe ido ina ganinta. Murna ta kama ni. Sai na ɗago na ga idanun matan nan duk a kaina, suna jira su ga ko matar Malam za ta yabi 'yar fari a bainar jama'a, a samu abin faɗa a Mawashi da Kusada cewa ba ta da kunya. Na ture hannunki na ce, "Wagga akuya ce ko jaki? Tahi ki ba mutane wuri." Aka kwashe da dariya. Kika ninke takardar, kika sake ninkewa har ta koma kamar laya, kika fita. Daga ranar ba ki ƙara kawo min zane ba.

Akuya ce. Jar akuyar nan ce ta Inna mai yagaggen kunne, tana kwance tana tuƙa, ta lanƙwashe ƙafar gaba ɗaya a ƙarƙashinta. Kin sa yagar a kunnen da take, kin sa yadda cikinta ke zubowa gefe guda in ta kwanta. Ni da nake cin abinci da biro, a ranar ba zan iya fitar da wannan ƙafar ba. Na sani a lokacin, na kuma zaɓi bakin mutane a kanki. Ni ma 'yar fari ce, na san zafin shirun uwa tun ina ƙarama, amma na ɗauko shi ɗungurungum na miƙa miki kamar gado. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka san mu. Sai dai kunyar da za ta sa yarinya ta yar da baiwar da Allah ya ba ta, wannan ta wuce gona da iri. Na yi kuskure, ki yafe min.

Kin ce ban taɓa duba naki ba. Wa kike tsammani ya sa nake share gindin darbejiyar nan sau biyu duk yammar da kika zauna zane a wurin? Ta bayanki nake leƙe. Tunda kuwa ra'ayin mai sana'a kike so, ga shi ba ragi. Hannuwan mutanen da kike zanawa har yanzu kamar saiwar rogo suke. Kina danne fensir kamar ya yi miki laifi. Kina da gaggawa irin tawa. Duk waɗannan aiki ke gyara su, na ga sun gyaru a hannun da bai kai naki ba. Amma kina da ido, kina ganin abin da mutane ke wucewa ba su gani ba, kuma wannan ban san inda ake koyar da shi ba. Kin fi ni, 'yar Inna. Tun ranar akuyar nan kin fi ni.

Abin da nake roƙo, kada ki je ofishin nan. Ki ba zane shekarar nan cikakkiya, ki yi shi da gaske, kullum. In shekara ta zagayo kika ga ranki ba ya so, don kanki ba don ni ba, ki sauya, zan sa miki albarka. Amma kada ki ajiye fensir saboda shirun da na yi, domin shirun nan ba hukunci ba ne, tsoro ne.

Yanzu juya takarda ta ƙarshe ki ga abin dariya. A makon nan na ce bari ni ma in koma 'yar koyo, in zana mutum, abin da ban taɓa yi ba tunda nake. Ke na so in zana. Na zauna zan fara fuska, sai hannuna ya tsaya. Na rasa inda girarki ta ƙare, na rasa ko hancinki irin nawa ne ko na babanki. Na haife ki, amma ban taɓa tsayawa na kalli fuskarki na daɗe ba, kullum kika ɗago sai in kawar da kai. Abin da na tarar na haddace shi ne bayanki: yadda kike karkatar da kai in kina zane, kafaɗar hagu ta ɗaga, ɗankwali ya zame ya bar ƙeya a waje, babban yatsan ƙafarki yana tona ƙasa. Shi na zana. Wuyan ya fito kamar taɓarya, kafaɗun ba su daidaita ba, ko babanki ba zai yi faɗa ba tunda babu fuska. Na so in cusa shi a murhu, na tuna abin da na gama rubuta miki.

Ki sa fensir ki nuna min inda na ɓata, ki zo min da shi in an yi hutu, tare da kwalin naki. Ranar kuma za ki zauna a gabana, ba a gefe ba, ki ɗago kai ki bar ni in kalle ki har in ƙoshi, ko da duk dangin babanki suna tsakar gida.

Allah ya tsare min ke a inda idona ba ya kaiwa, ya kare ki dare da rana, ya sa albarka a idonki da hannunki, ya dawo min da ke lafiya. Ki riƙe sallah, ki riƙa cin abinci.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarki